Yadda Ake Haɗa Ayarin Ƙananan Jiragen Ruwa Don Ratsa Tekun 'Yan Fashi

Matashin Gombe ko Bauchi da ya gama karatun aikin jirgin ruwa a Oron, ya karɓi takardunsa na STCW, wato shaidar ƙwarewar ma'aikacin jirgin ruwa ta duniya, ba lallai ne aikinsa na farko ya zama a katafaren jirgin dakon mai ba. Wani lokaci abin da zai fara faɗowa shi ne ƙaramin jirgi mai filafili, irin wanda masu hali ke yawon duniya da shi: tsawonsa mita 12 zuwa 15, mutum uku ko huɗu a ciki, doguwar sanda a tsakiya ɗauke da ƙyallen da iska ke turawa, ga kuma ƙaramin injin gas. Masu irin waɗannan jirage kan nemi waɗanda za su kai musu su daga Asiya zuwa Turai, gajeriyar hanya kuwa ita ce a ratsa Mashigin Aden tsakanin Yaman da Somaliya, a shiga Bahar Maliya ta Babul Mandab, a fita ta Suez. Wannan bayani domin wanda aka yi wa tayin wannan tafiya ne, da kuma iyayen da zai zo neman izininsu.

A tafi ko a fasa

Rundunonin da ke sintiri a wannan teku sun daɗe suna ba ƙananan jirage shawara ɗaya: kada su bi. Mu ma da ita za mu fara, domin akwai dalili. A 2011 kaɗai an ƙirga hare-hare 237 na 'yan fashin Somaliya. A watan Afrilun 2009 sun kama jirgin Faransawa mai suna Tanit, mai jirgin ya rasu a wurin ƙoƙarin ceto. A Oktoban shekarar suka ɗauke wasu ma'aurata 'yan Ingila kusa da tsibiran Seshel, suka riƙe su kwana 388. A Fabrairun 2011 aka kashe Amurkawa huɗu a jirgin Quest, kwanaki kaɗan bayan sun rabu da ayarin da suke ciki. Sauran jiragen ayarin daga baya lodin su aka yi a babban jirgin dakon kaya daga Salala ta Oman zuwa Turkiyya.

Abin ya lafa sosai daga 2012, har aka cire yankin daga jerin wurare masu babban haɗari a ranar 1 ga Janairun 2023. Amma a Disambar shekarar aka kama jirgin Ruen, a Maris 2024 aka kama jirgin Abdullah. A Nuwamban 2023 kuma wata sabuwa ta ɓullo, wato makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa daga ɓangaren Yaman, abin da ayari ba shi da maganinsa ko kaɗan.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka sa hannu a kan kowace takarda ka tambayi mai jirgi abu uku. Me ya hana a loda jirgin a babban jirgi, ko a zagaya ta kudancin Afirka? Shin inshorar jirgin da ta ma'aikata ta haɗa da wannan yanki, a rubuce? Yawancin inshorar ƙananan jirage tana tsame yankin yaƙi da na fashi. Na uku, wa zai ɗauki nauyi idan aka kama ku? Wanda ya yi ta kame-kame a kan waɗannan, ka bar masa jirginsa. Idan kuwa amsoshi sun gamsar, rahotannin makonnin baya-bayan nan ma sun nuna da sauƙi, to sai maganar ayari.

Abin da ayari ke iyawa

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan sai an yi wa maganar linzami. Jirage biyar marasa makami ba za su kori kwalekwale mai ɗauke da AK-47 da gurneti mai roka ba. Lissafin a fili yake. Gudun teku da not ake auna shi, not ɗaya shi ne mil ɗin teku ɗaya a awa, mil ɗin teku kuwa mita 1,852. Jirginku zai yi not 5 zuwa 6. Kwalekwalen 'yan fashi yana yin 20 zuwa 25. Wanda ke tsaye mita 3 sama da ruwa iyakar ganinsa kamar mil 3 da rabi ne, ƙaramin farin kwalekwale kuwa da wuya a tantance shi sai ya shigo mil 2. In ta baya ya biyo ku, minti 8 ne tsakaninku. In ta gaba ne, ba za a kai minti 5 ba. Bakin jirginku kuma bai fi mita ɗaya daga ruwa ba, ko tsani ba ya buƙata.

Amfanin ayari a wani wuri yake. Idanu sun yi yawa. In aka taɓa ɗaya, akwai huɗu da za su kai rahoto nan take da ainihin wurin. Mai neman ganima a ɓoye yakan yi shakkar taro. Mafi girma duka, jirgin da injinsa ya mutu ba zai kwana shi kaɗai yana lilo a bakin Somaliya ba. Galibin abin da ke wargaza ayari lalacewar inji ne da saɓanin mutane, saboda haka a kansu za mu fi daɗewa.

Zaɓen jirage da raba muƙamai

Jirage huɗu zuwa shida sun isa. Ƙasa da uku, in ɗaya yana jan ɗaya babu mai gadi. Sama da shida, jerin yakan miƙe har na gaba ya daina ganin na baya, rediyo ya cika da surutu. In jiragen sun kai goma sha biyu ko fiye, a raba su gida-gida, kowane gida da shugabansa, a bar mil ɗaya tsakanin gida da gida.

Sharaɗin shiga ɗaya ne, kuma ba a sassauta shi don kunya ko abota: kowane jirgi ya iya riƙe not 5 da inji kaɗai, dare da rana, ya kuma iya ƙarawa zuwa 6 da rabi na awa guda. Kada a karɓi maganar baki. A fita tare awa uku ko huɗu a gwada, da tankuna cike da jarkoki a ɗaure, domin jirgin da ke yin not 6 a wofi ba zai yi shi da ƙarin kilo 300 ba. Bambancin rabin not kamar ba komai ba ne, amma cikin awa shida na dare ya zama mil 3, an riga an ɓace wa juna.

Fataken goro da ke zuwa Gwanja sun riga mu tsara wannan, sunayensu ma sun fi dacewa da aikin. Madugu shi ne mai yanke magana. Da zarar an saki igiya, umarninsa ake bi, muhawara sai an isa zango. A zaɓi mai sanyin rai wanda muryarsa ba ta rawa a rediyo, ba lallai mai babban jirgi ba. Jagaba shi ne jirgin gaba, mai riƙe hanya da gudu, ya kasance yana da rada mai kyau, wato na'urar gano jirage daga nesa, da na'urar tuƙi mai aminci. Uban dawaki shi ne jirgin da ya fi ƙarfin inji, wurinsa baya, shi ke da igiyar ja da bakanike in akwai. Malamin ayari shi ke riƙe da wayar tauraron ɗan adam da littafin rahoto. Kada a haɗa wa mutum ɗaya madugu da malami, domin a lokacin tashin hankali ɗaya yana magana da ayari, ɗaya yana magana da sojoji, a daidai minti guda. Kowane muƙami a naɗa masa mataimaki a wani jirgin daban.

Sai zama mafi nauyi, wanda mutane kan so su tsallake. Kowane kyaftin ya zo da ma'aikatansa duka, a amsa waɗannan tambayoyi a rubuta, kowa ya sa hannu. In inji ya mutu, awa nawa za a jira gyara kafin a fara ja? In jan ya gagara, shin mai jirgin ya yarda a kwashe mutane a bar jirgin? In 'yan fashi suka hau jirgi ɗaya, me sauran za su yi? Wanda ya ga dama ya fita daga ayari a tsakiyar hanya, an yarda? Wa ke da makami a ɓoye? Ra'ayinmu a kan na ƙarshen shi ne kada a shiga ayari da mai bindiga. Jikin waɗannan jirage na roba ne mai zare, harsashi ratsa shi yake yi, harbi ɗaya daga jirgi guda kuma zai jawo wa dukan ayarin ruwan wuta. Ga kuma dokokin tashoshin da za a sauka, inda bindigar da ba a bayyana ba ke kai mutum kurkuku.

Inji da mai

Lokacin wannan tafiya daga gabas zuwa yamma shi ne Janairu zuwa Maris, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa a Tekun Indiya. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu maso yamma ce mai ƙarfi, ba a bi. Sai dai a cikin Mashigin Aden iskar kan yi rauni, ayari kuma ba ya jiran iska, don haka a yi lissafi kamar da inji za a yi tafiyar duka.

Daga Salala ta Oman zuwa Jibuti, in an bi hanyar da aka shata wa jirage a Mashigin Aden, mil 750 zuwa 800 ne. A ɗauki 780. A kan not 5, awa 156 ke nan, kwana shida da rabi. Injin da ke da ƙarfin doki 40 zuwa 50 yana shan kamar lita 3 a awa, wato lita 468. A ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda igiyar ruwa ta gaba da jan wani jirgi, ya kama kusan lita 610. In tankin jirgi lita 250 yake ci, ana buƙatar jarka 18 masu lita 20. Kowane kyaftin ya auna shan injinsa da kansa, kada ya dogara da littafin kamfani. A ɗaure jarkokin a jikin katako a gefen jirgi, rabi dama rabi hagu, a rufe su daga rana. A juye mai da rana lokacin da ruwa ya kwanta, da tiyo, ta cikin mazurari mai tace ruwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin tashi a yi waɗannan. A buɗe tanki a duba ƙasansa, domin man gas da ya daɗe yakan tara baƙar lakar da ke kwance lafiya a tasha, amma da jirgi ya fara tangaɗi sai ta tashi ta toshe filta. Ita ce kan gaba wajen kashe inji a tsakiyar teku. A sauya baƙin mai da filtarsa, tun da awa 156 ta kusa cinye wa'adin juye guda. A sa sabuwar fankar roba ta famfon ruwan sanyaya inji, a ajiye biyu. Filtar gas a riƙe aƙalla shida, fambel biyu, baƙin mai na juye ɗaya da ƙari. Kowa a jirgin, har mai dafa abinci, ya koyi sauya filta da fitar da iska daga bututun mai cikin minti goma da tocila a goshi. A nutsa a kankare ƙasan jirgi da farfela, domin ƙwarin ruwa da suka manne suna iya cin not guda cur.

Abu na biyu da ke tsayar da jirgi shi ne ragar masunta ko igiya ta naɗe farfela. Alamarsa inji ya yi nauyi farat ɗaya, jirgi ya ɗauki karkarwa. A cire giya nan take, kada a ƙara wuta. A tanadi tabarau na ninƙaya, wuƙa mai haƙora, da igiyar da za a ɗaura wa mai nutso. Ba a shiga ruwa sai inji a kashe, makulli a aljihun wanda ke riƙe da igiyar.

Igiyar ja ta zama ta nailan mai miƙewa, kaurin milimita 16 zuwa 18, tsawon aƙalla mita 60. A jirgin da ke ja, a raba nauyin a kan maɗaurai biyu na baya. A wanda ake ja, a naɗe ta da tsumma ko tiyo a inda take gogar baki, in ba haka ba cikin 'yan awanni za ta tsinke. Ana fara ja a hankali har igiya ta miƙe. Ayari duka zai sauko zuwa not 4, a sake lissafin mai a nan take.

Rajista, rediyo da fitila

Kafin tashi, kowane jirgi ya yi rajista da UKMTO, ofishin sojan ruwan Ingila mai karɓar rahoton jirage a yankin, wanda ke da cibiya a Dubai, da kuma cibiyar rundunar Tarayyar Turai da a da ake kira MSCHOA, yanzu MSCIO, a Brest ta Faransa. Za su nemi sunan jirgi, tuta, yawan mutane da ƙasashensu, gudu, hanya da lambar waya. Daga nan malamin ayari ya riƙa aika wurin da kuke kowace rana a lokaci ɗaya. Lambobin gaggawa a rubuta su da babban alƙalami a manna kusa da rediyo, a kuma sa su a wayar tun a tasha, a gwada kira.

Tun Fabrairun 2009 akwai hanyar da aka shata a Mashigin Aden, ana kiranta IRTC. Tsawonta kamar mil 490 ne, tsakanin digiri 45 da 53 na gabas. Layi biyu ne, kowanne faɗin mil 5, da tazarar mil 2 a tsakani. Na arewa na masu zuwa yamma ne, a kan digiri 252 na kamfas. Shawarar da aka saba ba ƙananan jirage ita ce su bi ta cikin tazarar nan ta tsakiya ko gefen layin arewa, don su kasance kusa da idon sojoji ba tare da sun shiga gaban manyan jirage ba. A not 5, kwana huɗu za ku yi a ciki. A nisanci tsibirin Sokotra da gaɓar Somaliya.

Kowane jirgi ya mallaki rediyon VHF na girke da oba-oba na hannu aƙalla ɗaya. Tasha ta 16 ta kiran gaggawa ce, a bar kunne a kanta kullum. Ayari ya zaɓi tasa daga tashoshin jirgi da jirgi, kamar 72 ko 77, da wata ta biyu da za a koma in madugu ya faɗi wata kalma da aka shirya. A yi magana da ƙaramin ƙarfin rediyo, wato wat 1. Wat 25 daga kan sanda yana kai murya mil 20 ko fiye, ga duk mai sauraro. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manta a mayar da shi wat 25 lokacin kiran agaji, saboda haka a rubuta wannan ma a jikin rediyon. Ba a faɗin ainihin wuri a tashar ayari. Tun a tasha a sa wa wuraren juyawa sunaye, ko Kumo, Dukku, Bajoga da Kaltungo ne, sai a ce saura mil 12 a kai Dukku. Jirage ma a kira su da lamba. Kowace awa biyu madugu ya kira, kowa ya amsa da kalma biyu: lafiya lau, ko abin da ya samu.

Maganar fitila da AIS, na'urar da ke sanar da sauran jirage inda kake, ita ce aka fi jayayya a kai. Wasu ayarori kan kashe komai. Ba mu goyon bayan haka. Dokar teku ta wajabta fitilun tafiya, kuna kuma tsakanin jirage masu tsawon mita 300 da ba za su iya kauce muku ba in ba su gan ku ba. Sojojin da kuke fata su cece ku ma da AIS suke bibiyarku. Abin da ya dace shi ne a kashe fitilar kan sanda wadda ake hangowa daga nesa, a kunna na ƙasa, ja da kore a gaba, fara a baya, a rufe tagogi, a hana tocila mai haske a waje.

Jeri da tazara

Jirage huɗu su yi siffar lu'ulu'u: jagaba a gaba, biyu a dama da hagu a ɗan baya, uban dawaki a ƙarshe. In biyar ne, mafi rauni ya shiga tsakiya. In shida ne, sahu biyu na uku-uku. Kowa yana da jirgi ɗaya da yake auna kansa da shi, ba kowa ya riƙa kallon kowa ba.

Tazara da rana rubu'in mil, kamar mita 450. Da dare a buɗa zuwa rabin mil saboda karo. Dalilin da ya sa ba a wuce haka shi ne lissafin haɗuwa. Jirgin baya da ke da rarar not ɗaya da rabi kacal, in rabin mil ne tsakaninsa da na gaba, sai ya yi minti 20 kafin ya cim masa, alhali minti 8 kuke da shi. Saboda haka in aka yi kiran haɗuwa, jagaba ne zai rage zuwa not 3, na gefe su karkato ciki, na baya ya ba da wuta, har a matso kamar tsawon jirgi uku tsakani, sannan a ɗaga gudu tare. Wanda firgici ya sa ya taka wuta ya yi gaba shi kaɗai ya fasa ayarin, ya kuma mai da kansa saniyar ware.

Jagaba ne ke riƙe gudu, amma gudun na mafi rauni ne. Mai saurin jirgi ya rage filafili. An fi so a bar babban ƙyalle kaɗai a ɗaure rabi, inji yana aiki, domin ƙyallen gaba yana tare gani, yana kuma sa gudu ya riƙa hawa da sauka da iska. Ba a juyawa sai madugu ya sanar da sabon digiri, kowa ya maimaita, sannan ya ce yanzu. Duba baƙin mai kullum sai an kashe inji, to a yi shi da hantsi, jirgi ɗaya bayan ɗaya, da sanarwa.

Duk wannan ana iya koyon rabinsa a gida. Kwalekwale huɗu masu inji a madatsar ruwan Dadin Kowa, da oba-oba huɗu, sun isa a gwada jeri, kiran haɗuwa da agogo a hannu, miƙa igiya da ja. A nemi izinin masu kula da madatsar, a tafi da masuntan wurin domin sun san inda dorina take, kowa da rigar hana nutsewa. Wanda ya taɓa ganin yadda jeri ke rushewa cikin minti biyu a ruwa mai kwanciya ba zai raina atisaye ba. A teku ma, a ware yini guda kafin tashi a maimaita da jiragen gaske, har da sau ɗaya bayan magariba.

Gadi

Mutum biyu ba za su iya kwana shida suna riƙe jeri ba. A samu uku, huɗu ya fi. Gadi awa uku-uku, a ninka masu gadi da asuba da kuma gab da faɗuwar rana. Kowane jirgi da ɓangaren da aka ba shi, na baya kuwa rabin kallonsa baya ne, da madubin hangen nesa. A dafa abincin kwana uku tun a tasha. Salla a yi ta bi da bi, kada a bar sitiyari ba kowa, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru. Daga tsakiyar Mashigin Aden alƙibla tana arewa maso yamma. Ranar huɗu ce mai wuya, lokacin da barci ya taru, mutane suka fara ganin abin da babu, rediyo ya fara ɗaukar zafin rai. Madugu ya sa ran haka, ya rage magana.

In kwalekwale ya bayyana

Yawancin waɗanda za ku gani masunta ne. Na Yaman kan bi garken kifi a guje, su juya kwatsam, wani lokaci su matso suna neman ruwan sha. Akwai kuma masu safarar mutane tsakanin Somaliya da Yaman, waɗanda su ma gudun ido suke. Abin da ke ɗaga hankali shi ne kwalekwale mai mutum biyar ko fiye, babu raga babu ƙugiya, ga tsani ko jarkokin mai da yawa, ya nufo ku kai tsaye yana sauya hanya duk lokacin da kuka sauya. Haka babban jirgin katako da ke janye da ƙananan kwalekwale biyu ko uku nesa da gaɓa.

Wanda ya fara gani ya faɗi abu huɗu: ta wane ɓangare, nisa nawa, guda nawa, me suke yi. Madugu ya yi kiran haɗuwa tun ana shakka, domin haɗuwar banza ba ta cin komai sai lita biyu. Malami ya kira UKMTO a waya ya bar layin a buɗe. Kowa ya fito sarari a ga yawanku. In da igiyar ruwa, a juya a fuskance ta, domin tana rage wa ƙaramin kwalekwale gudu fiye da yadda take rage muku.

Da an ga makami ko an ji harbi, a danna jan maɓallin gaggawa na rediyo, a yi kiran Mayday a tasha ta 16 da wat 25, a kunna EPIRB, na'urar da ke aika kukan neman ceto ta tauraron ɗan adam. Kowa ya kwanta ƙasa in ban da mai tuƙi. Kada a harba musu tartsatsin neman agaji, kada a ɗaga kyamara ko wani dogon abu da za a ɗauka bindiga ce.

In sun hau, magana ta ƙare. A cire giya, a taru wuri ɗaya, hannuwa a sarari, ba gardama, ba motsin ba-zata. Da yawansu suna cikin mayen ganyen kat, ga tsoro, yatsa kuma a kan kunama. Sauran jirage su ja nesa da harsashi, su ci gaba da faɗin wuri, yawan maharan da inda aka nufa. Wannan yana da ɗaci ƙwarai, shi ya sa aka sa hannu a kansa tun a tasha: komawa da hannu wofi ƙarin mutane kawai zai ba su. In sojoji suka zo ceto, a kwanta rub da ciki, hannu a ka, kada a tashi sai an ce, domin a wannan minti ba su san ɗan fashi da ma'aikaci ba, balle kai da fatarka ta yi kama da ta waɗanda suka zo kamawa.

Babul Mandab

A Jibuti a huta, a sayi mai, a sake tambayar halin da ake ciki kafin a yanke shawarar ci gaba. Mashigar ba ta fi kilomita 30 ba, tsibirin Mayyun ya raba ta biyu, ƙaramar ƙofar gabas ta ɓangaren Yaman ba a shigarta. A wannan lokaci na shekara iskar kudu kan matse a wurin ta kai not 30 ko fiye, ta bayanku. Jerin lu'ulu'u ba ya yiwuwa a nan, sai a koma layi ɗaya da tazarar rabin mil, a rage filafili tun kafin a shiga, a tsaya gefen hanyar manyan jirage. An sha samun rikicewar GPS a Bahar Maliya, don haka a riƙa rubuta wuri a taswirar takarda kowace awa, da kamfas a kusa.

Daga nan zangon da aka saba su ne Massawa ta Eritiriya da Sawakin ta Sudan, tashar da alhazanmu na ƙafa suka riƙa tsallakawa Jidda daga cikinta. Sudan na cikin yaƙi tun Afrilun 2023, saboda haka a tabbatar da halin tashar kafin a nufe ta. Wajen rabin Bahar Maliya iska kan juyo daga arewa ta tare gaba, kowane jirgi kuma da yadda yake jure ta, a nan ayari kan watse. Kada a watse a rediyo. A sauka zango ɗaya tare, a mayar wa kowa jarkokinsa da kayan gyaran da aka ara, malamin ayari ya aika wa UKMTO rahoton ƙarshe da sunan kowane jirgi da inda ya nufa, sannan kowa ya kira gida.